Silifa, Majigi da Kalmar Zamewa a Turanci

Sau da yawa mai tallar takalma yakan rubuta "sleepers", idan ka yi masa gyara ya ce ai takalmin tashi daga barci ne. Jita-jita ce. Silifarmu daga "slipper" ta fito, ita kuma daga "slip", wato zamewa: takalmin da ake zura ƙafa kawai, babu ɗaurin igiya. Tun ƙarni na 15 ake rubuta kalmar a Ingila. Kunnenmu ne ya gwama "slip" da "sleep", don wasulan biyu sun yi kusa. Barci a tsohon Turanci "slæpan" ne, ɗan uwan "schlafen" na Jamusanci.

Jita-jitar da ta fi yaɗuwa a cikin 'yan boko ita ce wai kalmar "slide", ta shafukan da malami ke haskawa a bango, kwamfuta ce ta kawo ta. Ina! PowerPoint sai a 1987 ta fito, kalmar kuwa ta girmi Turancin da muka sani, domin "slidan" ake cewa fiye da shekara 1,000 da suka wuce, da ma'anar sulalewa a kan santsi. Hanyar da ta bi ta isa aji ita ce wata fitila da ake danganta ƙirƙirarta ga Christiaan Huygens, masani ɗan Holan, wajen 1659. Ana zana hoto a jikin gilashi, a zurara gilashin gaban haske, hoton ya fito ƙato a bango, sannan a zare shi a zura wani. Wannan zurawa da zarewa ta ba gilashin suna. Yau babu abin da ke zamewa a cikin kwamfuta, amma sunan ya ƙi tafiya.

Kuma fitilar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Turawa suna kiranta "magic lantern", daga nan Bahaushe ya samo majigi, sunan da ya koma kan sinimar da gwamnatin mulkin mallaka ke yawo da ita a mota gari-gari.

Masu cewa "sled" da "sleigh", amalanken ƙanƙara, dangin "slide" ne, su kam sun yi gaskiya. Sai dai ba a Ingila aka haife su ba: aro ne daga harshen mutanen Holan, kuma "sleigh" ta Amurka ta bi ta shiga Turanci.