Ja-goran Farauta da Mai Bin Sawu

Tun da watan Disamba ya kama, aka buɗe farauta a arewacin Kamaru kamar yadda aka saba kowace shekara, motocin baƙi suka fara barin Garwa suna nausawa kudu, zancen da ake ta nanatawa a rumfunan kasuwar Pitowa ran Lahadi shi ne wai daji ya zama na Nasara, ɗan ƙasa kuwa ko zabo ya harba sai a kira shi ɓarawo. Da gaskiya cikin maganar, illa dai an yi mata gurguwar fahimta.

Abin da ke akwai shi ne, a kewayen gandayen Binuwai da Faro da Buba Njidda hukuma ta yanka yankunan farauta tana ba da su haya ga ja-gorori masu takarda, galibinsu baƙi, su kuwa su karɓi mai neman ɓauna ko gwanki, su tanadar masa masauki da mota da izini, ya biya kuɗi masu nauyi. Wanda ya so fita shi kaɗai ba a hana shi ba, sai dai ya nemi izinin bindiga da na farauta, ya kuma san dabbar da aka haramta.

Amma wanda ake mantawa, kuma dominsa na ɗauki alƙalami, shi ne mutumin da ke tafe a gaban ja-goran da ƙafa, wanda in ya dubi karyayyar ciyawa da ɗanyen kashi zai faɗi yaushe garke ya wuce, ya watsa toka ya gane inda iska ta dosa, ya san fadamar da zabi ke sauka da asussuba. Wannan ilmi ba a littafi yake ba, gado ne na maharba, waɗanda a ƙasar Hausa har sarautar Sarkin Baka suke da ita, da ladubbansu da haninsu. An kafa makarantar kula da namun daji a Garwa tun 1970, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama, madalla. To, mai bin sawu fa, wace shaida ke hannunsa?

Dokar 1994 da ƙa'idojinta na 1995 sun halatta farautar gargajiya, sa'an nan suka fassara ta da wadda aka yi da kayan da aka samo daga tsirrai, ka ga ke nan kibiya mai kan ƙarfe, wadda kakanninmu suka sani, ta fita daga gargajiya! Alhali a Risalar Ibn Abi Zaid, farautar nishaɗi ce makaruhi, ta neman abinci kuwa mubahi ce. Kuma ba mai harbin zabo ne ya ƙarar da baƙar karkandar yankin nan ba, wadda aka tabbatar da ɓacewarta a 2011, ba shi ne ya kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njidda a 2012 ba. Mahaya ne ɗauke da bindigogin yaƙi suka kashe giwayen.

An sabunta dokar a 2024. Ya kamata ma'aikatar gandun daji ta zauna da lamidai da shugabannin maharba, ta rubuta sunayen masu bin sawu, ta ba su takarda da lada sananne, tun dattawan da ke riƙe da sanin nan suna raye.