Kofin Duniya da Kofunan Gidajenmu

Ya ku iyaye, idan gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta zo, ba ƴan wasa kaɗai telebijin ke shigo mana da su ba, har da ƴan talla. Coca-Cola na ɗaukar nauyin gasar tun 1978, giyar Budweiser kuwa tun 1986, kuma ƴaƴanmu na kallo.

To, mu riga su. Ranar wasan Maroko mu dafa shayi da na'ana'a. Ranar Senegal mu jiƙa zoɓo, wanda suke kira bisap. Ranar Turkiyya kuma sai ayran, wato nono da ruwa da ɗan gishiri. Ta haka yaro zai sha halal, ya san al'adun duniya, awon sukari kuma yana hannun uwargida. Allah ya shirya mana zuri'a.