Gane Tsiro Mai Yaɗo a Lambu: Misalai Daga Fadamar Shinaka

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna yadda za a gane tsiro mai yaɗo da ya hau shingen lambu ya yi fure, ba tare da an tsaya ga sunan da aka fara ji a bakin mutane ba. Mun ɗauko misalanmu ne daga fadamar Gulbin Rima, tun daga Shinaka ta ƙasar Goronyo har zuwa Wurno. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya ƙara ƙarfi a wannan yanki, kuma duk inda aka kewaye albasa ko tafarnuwa da ƙaya ko darni ana ban ruwa, sai yaɗo ya fito ko ba wanda ya shuka shi. Wani abinci ne, wani kuwa guba.

Suna kaɗai ba ya wadatarwa, domin Bahaushe yakan raɗa wa tsiro suna ne bisa kama ko amfani, ba bisa dangantaka ba. Duk wanda ya duba sunayen tsirrai na Hausa da likitan nan J. M. Dalziel ya tattara aka buga a 1916, zai tarar da suna ɗaya a kan tsirrai biyu ko uku. Alal misali, duman kada ba shi da haɗi da duman da ake fafe ƙwarya da shi. Ɗan'uwan dankali ne, wato abin da Basakkwace ke kira kudaku.

Saboda haka tambaya ta fari ita ce: da me tsiron yake hawa? Wani yana fid da siririn zare daga gindin ganye, zaren ya murɗe ya kama kara. Wani kuwa jikinsa ne yake nannaɗewa. A waɗannan lambuna masu zare galibinsu dangin duma ne, irin su kabewa da guna da kankana, kuma fure ne ke raba su. In furen fari ne, yana buɗewa da almuru, ganyen kuma mai taushi da gashi-gashi, to duma ne, Lagenaria siceraria a harshen masana. In ruwan ɗorawa ne shar, mai faɗin tafin hannun yaro, ga ganye mai kaushi, soso ne, Luffa aegyptiaca. In kuwa furen ƙarami ne, launinsa bai cika ba, ganyen ƙanana masu tsaga biyar zuwa bakwai, muna gaban garafuni ke nan, Momordica balsamina. Ɗansa ne ke yanke gardama: mai ƙuraje ne, yana fara da kore, ya nuna ya yi ja-ja, sa'an nan ya fashe ya bayyana 'ya'ya masu jan nama. Ganyensa mai ɗaci ne ƙwarai, ana sa shi a fate, ana kuma dafa wa mai jego.

Ya kamata mu ɗan ratse a nan. Dangin duma suna da furen namiji dabam da na mace a jikin tsiro guda, kuma na macen ne ke da ɗan ƙulli a ƙarƙashinsa. Mai lambun da ya ga fure yana zuba ba ɗa, sau da yawa ba cuta ba ce ta kama shukarsa. Furen namiji ne ya gama aikinsa.

Inda ba zare, a nan ne hatsari ya fi yawa, kuma a nan muke ganin ya dace a tsinke ganye a dubi ruwan da zai fito. Yaɗiya, Leptadenia hastata, da fataka, Pergularia tomentosa, duk dangin tumfafiya ne, duk suna nannaɗewa, furanninsu ƙanana ne cunkus marasa ɗaukar ido, 'ya'yansu kuma suna fashewa su saki iri mai gashi kamar auduga. Amma yaɗiya ganye ce da ake dafawa a yi kwaɗo, ta kuma sha ceton talakawa a shekarun fari, ruwanta ba fari fat ba ne. Fataka kuwa ganyenta toka-toka ne mai siffar zuciya, nononta fari ne mai kauri, kwanson ɗanta yana da ƙaya mai laushi. Majema ne ke nemanta don cire gashin fata, kuma tana da guba mai taɓa zuciya. Ba abin kai wa baki ba ce.

Duman kada, Ipomoea asarifolia, ba ya ɓuya: furensa mai siffar mazurari ne, launinsa tsakanin ja da shuni, ya fi son malala a ƙasa bakin magudanar ruwa, yana kafa saiwa a gaɓoɓinsa. Da rani, lokacin da ɗanyar ciyawa ta ƙare, tumaki da awaki kan auka masa, su kama makyarkyata da tangaɗi. Idon zakara kuma, Abrus precatorius, ganyensa kamar na tsamiya, furensa kamar na wake. Ƙwayarsa ja mai baƙin ɗigo tana jan hankalin yara, alhali in aka tauna ta gubarta tana iya kisa. A ra'ayinmu bai kamata a bar shi a shingen da yara ke wasa kusa ba.

In duk da haka shakka ta rage, sai a yanko reshe mai ganye da fure da ɗa, a danne shi tsakanin jaridu har ya bushe, a kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A rubuta wuri da kwanan wata, da sunan da Bahaushe ya ba shi da wanda Bafillace ya ba shi. A kuma rubuta launin furen nan take, domin yakan dushe idan ya bushe. Furen duma kuwa da yamma ake tsinkarsa, don kafin hantsi ya riga ya yanƙwane.