Farar riga da ranar tsaka: abin da ke kada sabon mai hoto a wurin biki

Idan kaka ta yi aka kai hatsi rumbu, ko kuwa watan azumi ya gabato, sai bukukuwan aure su yawaita a Maraɗi da Damagaram da Tawa, har Yamai. A lokacin ne samari da yawa ke sayen na'urar ɗaukar hoto, ko su aro, su karɓi kafin alƙalami a hannun ango. Wanda ya saba da hoton katin ɗan ƙasa cikin shago yakan zaci aikin ɗaya ne. Cikin shago, in hoto ya lalace sai a ce ma mutum ya koma ya zauna. Fatihar ɗaurin aure kuwa sau ɗaya ake shafa ta.

Babban abin da ke kada sabon shiga shi ne farar riga. Ango da abokansa sun ci ado da farar shadda, ga rana ta take. Ita na'ura tana da ma'aunin haske a cikinta, wanda aka gina bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya, ruwan toka ne. Da ta ga fari ya yi yawa sai ta rage hasken da ke shiga. Riga ta fito dushi-dushi, fuskar ango ta nutse, ba a shaida shi sai da hula. In kuma aka buɗe ma haske hanya fiye da kima, fuska ta fito, amma aikin wuyan rigar da ya ci kuɗi da kwanaki wajen maɗinki ya ɓace cikin fari fat. Masu aiki da fim sun fi shan wannan wahala. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya soma raba ma masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi, watau ba a yi awon da baƙar fata ba. Na'urorin yanzu sun fi dama, amma ba su warke sarai ba.

Waɗanda suka daɗe a sana'ar kan auna haske a fuska, su ƙyale riga. Sukan janye mutane zuwa inuwar bango ko bakin zaure. Inuwar dogon yaro daɗin zama gare ta, amma rana na ratsa ganyenta ta yi ma fuska dabbare-dabbare. Rumfar tamfol kuma takan shafa ma kowa launinta, shuɗi ko ja. Akwai dabara guda da ke ba ƴan biki dariya, ita ce kunna filasha da rana tsaka. Alhali ita ke kore duhun da ke taruwa a gurbin ido da ƙarƙashin haɓa.

Da dare sai lamari ya juya. Ana kai amarya bayan magariba ko isha'i, ɗaki ƙarami, mata sun cika shi maƙil. Hasken filasha ba ya tafiya nesa: wadda ke tsaye a mita 4 kashi ɗaya cikin huɗu take samu na abin da ta mita 2 ta samu. Shi ya sa ƙawayen gaba kan fito fari tas kamar an watsa masu gari, na baya su zama inuwa. Ga kwanonin jere da madubi suna mayar da walƙiya cikin idon na'ura. In rufin ɗakin fari ne, a ɗaga filasha sama hasken ya dawo a hankali. In azara ce, sai a matso da mutane sahu guda, a kauce ma madubi. Kafin duk wannan, namiji ba ya kutsa kai ɗakin amarya sai da iznin manyan matan gida, ba ya kuma cewa a yaye lulluɓi domin hoto. Wasu gidaje sun fi son mace mai hoto saboda haka.

Ƙurar hunturu ma tana da nata rabo. Wanda ya cire gilashin na'ura a fili domin ya sauya wani, ƙwayar ƙura guda ta shiga, zai tarar da ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto. Batiri kuma a tanadi biyu, tun da wuta na iya ɗaukewa daren jajibiri.

A zamanin su marigayi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki hotunan mutanen Yamai a shekarun 1960 da 1970, naɗin fim guda bai wuce hoto 12, 24 ko 36 ba. Dole mai hoto ya san waliyyi da wakili da liman tun kafin a zauna, ya san inda zai tsaya sa'ad da za a ambaci sadaki a ɗaga hannuwa. Yau ɗan katin da ke cikin na'ura yana ɗaukar dubbai, sai yaro ya yi ta dannawa ba lissafi, ya koma gida da hoto 800, babu gwaggon amarya ko a guda. Ita ce kuwa za ta fara tambaya ranar da aka kawo hotunan. Domin haka masu gogewa kan zauna da babban abokin ango da babbar ƙawa tun ana gobe biki, a rubuta sunayen waɗanda ba a tsallakewa. In an tashi, a daren nan suke kwafe hotunan wuri biyu, ba su goge katin sai ango ya karɓi kayansa ya cika kuɗi.