Matameye da Tashar Jirgin da ke Ƙetaren Iyaka



Babu layin dogo a Matameye, haka ma a duk faɗin jihar Damagaram. Amma ku tambayi dattawan da suka yi zamanin cinikin gyaɗa, za su ce muku garin nan ya daɗe da tashar jirginsa, sai dai tana Kano.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Turawan Ingila auduga suka sa wa rai, manoma kuwa suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, suka rungume ta. Kafin a jima harkar ta tsallako iyaka. Gyaɗar ƙasar Kance da Magarya ta riƙa gangarawa kudu, da fari a bayan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci, ta bi ta Daura da Kazaure har bakin tasha. Can ake jibge buhuna su zama dala, jirgi ya kwashe su zuwa Ikko, a ɗora wa jirgin ruwa. Idan taragu suka dawo, su zo da atamfa da kananzir da goro. Kuɗin haraji da na aure na gidaje da yawa a nan daga wannan hanya suka fito. Ko bayan da aka kafa kamfanin cinikin gyaɗa na SONARA a 1962, gyaɗar gabashin Nijar ba ta da mafita mafi kusa da ta Kano.

Farin shekarun 1970 ya karya noman gyaɗa, jirgin Najeriya ma ya yi ta ja da baya. Tashar farko da Nijar ta gina, wadda aka buɗe a Yamai a 2014, ta yi mana nisa ƙwarai.

To, ga sabon zance. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ke ginawa. Zai ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ku riƙe sunan Daura, domin daga Matameye, in ka wuce Ɗan Barto da Kwangwalam, ka kusa isa. Mai rake daga fadamun Korama, da mai wake, da mai dabbobi, duk suna iya samun tarago kusa da gida fiye da yadda kakanninsu suka samu.

Abin da ke damuna shi ne tsakanin nan da can. Mun ga yadda rufe iyaka a 2023 ya tsayar da ciniki cik. In hanya ta lalace, shingaye suka yi yawa, awon kaya a duwan ya ci yini guda, to rake zai bushe a mota tun bai ga jirgi ba. Wannan aiki na hukumomin ƙasashen biyu ne, kuma gara a fara shi tun ana shimfiɗa dogon.