Daga Tabarmar Tsakar Gida Zuwa Tafin Hannu

A shekarun 1980, talabijin ce ke yanka wa mai kallo lokaci. Tasha ba ta buɗewa sai bayan la'asar, wajen tsakar dare kuma a yi taken ƙasa a rufe. Sau da yawa gida ɗaya ne a layi ke da akwatin, a fito da shi tsakar gida, yaran maƙwabta su cika tabarma. Hoto na fara yayyafi sai a tura yaro ya murɗa eriyar da ke kan gora, ana ta yi masa ihu: "Ya yi! A'a, koma baya kaɗan!" Wanda shirin Samanja ya wuce shi, sai dai ya sha labari a makaranta washegari.

Tun da Kaduna ta buɗe tasharta a 1962, shekara uku bayan ta Ibadan, haka ake tafiya, kuma kafa NTA a 1977 bai sauya komai ba ta wannan fuska. Kaset ɗin bidiyo ne ya fara kwance igiyar. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, sai kallo ya koma sha yanzu ko a ajiye sai an gama tuwo. Faifan CD ya biyo baya, sannan tauraron ɗan'adam, wanda ta kansa Arewa24 ta shigo gidaje a 2014.

Amma wayar hannu ce ta yi wa tabarmar nan illa. Yau a ɗaki guda uwa na kallon shirin Labarina, ɗiya na TikTok, kowa da abin sauraro toshe a kunne. Marar kuɗin data ya miƙa wayarsa ga masu tura finafinai a bakin titi. Kasuwar faifai ta mutu murus, 'yan Kannywood suka yi ƙaura zuwa YouTube da shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So. Abin dariyar shi ne, sun komo da tsohon jiran nan na mako-mako, sai dai yanzu kowa shi kaɗai yake jiransa.

Ƙwallo ce kawai ta ƙi wuce wuri, don wasan da aka riga aka ji sakamakonsa ya zama lami. Shi ya sa daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona, gidan kallo ke cika maƙil: benci ba masaka tsinke, janareto na ruri a waje, mai gidan na tsaye a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga.