Yadda zanen jikin mota ya koma kan kwamfuta, da inda masu shi ke tafka asara

Kafin a san kwamfuta a wannan sana'a, mai zanen gingimari yakan tsaya ne gaban motar da burushi da gwangwanin fenti. Ko zaki zai zana, ko dawisu, ko rubutun addu'a a bayan bodi, idonsa na kan ƙarfen da yake aiki a kai. Yau galibin adon da ake gani a jikin motocin kamfanoni, da bas-bas na kamfen, da wasu A Daidaita Sahu, a kan allon kwamfuta ake zana shi, a buga a kan ledar sitika, sannan a manna.

Aikin ya fi sauri, sai dai mai zanen ya yi nisa da motar. Daga nan matsalar take farowa: abin da ya yi kyau a allo mai faɗin taɓa biyu, ana buɗe shi a jikin bas mai tsawon fiye da mita huɗu da rabi sai ya zama wani abu daban.

Abu na farko da mai koyo ya kamata ya gane shi ne zane iri biyu ne. Akwai hoto, wanda tarin ƙananan ɗigo ne, kuma shi ake gyarawa da Photoshop, manhajar da kamfanin Adobe ya fitar a 1990. Akwai kuma zanen layi, wanda kwamfuta ke ajiyewa a matsayin lissafi, irin na CorelDRAW da ya fito a 1989 da Illustrator na 1987. Zanen layi ko an faɗaɗa shi ya kai girman tirela, bakinsa na nan tsaf. Hoto kuwa yana da iyaka.

Wani abin sha'awa, lissafin da ke bayan wannan layi daga masana'antar mota ya fito. Paul de Casteljau ya yi aiki a kansa a kamfanin Citroën na Faransa a 1959, sannan Pierre Bézier, injiniya a Renault, ya yi amfani da shi wajen tsara lanƙwasar bodin mota a shekarun 1960. Alƙalamin Pen da matasa ke zagaye tambari da shi a shagunan ɗab'i na Kano, asalinsa kayan aikin ƙera mota ne.

Don haka rubutu, da tambari, da lambar waya, da zane-zanen wuta ko igiyar ruwa, duk da layi ake yin su. Hoto sai inda ya zama dole, kamar fuskar ɗan takara. A nan ne aka fi yin kuka. Hoton wayar da ke da megafiksel 12 yana da ɗigo 4,000 a faɗinsa. Idan aka shimfiɗa shi a mita biyu, kowane inci zai samu ɗigo kusan 50 kacal, alhali masu buga adon mota kan nemi 72 zuwa 150. To ina ga hoton da aka turo ta WhatsApp, wanda manhajar ta riga ta matse? Fuska za ta fito kamar an jiƙa ta da ruwa. Maganin shi ne a karɓi ainihin hoton, a turo shi a matsayin fayil.

Kafin a sayi leda, gwanaye kan nuna wa mai mota yadda aikin zai kasance. Ana ɗaukar hoton motar daga gefe, a inuwa, daga ɗan nesa, kyamara daidai tsayin ƙofa, don kada gaba ya fi baya girma. Sai a zagaye bodin da Pen, a cire gilashi da taya da fitilu, a ɗora zanen a wani hawa na daban. Idan aka sa wannan hawa a tsarin Multiply, inuwa da layukan ƙofa na ainihin motar za su ɓullo ta cikinsa, zanen ya zauna kamar fenti. Farar mota ta fi daɗin wannan dabara. Baƙa kan haɗiye launin.

Amma wannan hoto na tallan aiki ne, ba shi ake bugawa ba. Na bugawa ana yin sa ne a kan awon motar, yawanci kashi ɗaya cikin goma na girmanta, kuma gara mai zane ya fita da tef ya auna da kansa. Sai ya san inda hannun ƙofa yake, da marfin tanki, da layin da ƙofar bas ke zamewa. An sha ganin motar kamfen da hancin ɗan takara ya faɗa kan tsagar ƙofa, ko hannun ƙofa ya cinye lamba ɗaya daga lambar waya. Haka kuma ba a juya zanen dama a mayar da shi na hagu kai tsaye, domin rubutu zai koma baibai. Ana barin rarar santimita biyar zuwa goma a kowane gefe don naɗewa, kuma tun da faɗin ledar bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, dole a yanke shawarar inda gaɓa za ta faɗo, nesa da fuska da rubutu.

Launi ma yana yaudara. Allo da haske yake haɗa launi, firinta kuwa da tawada huɗu, shi ya sa shuɗi da kore masu walƙiya kan fito a dushe. Buga ɗan guntu a fita da shi rana, mai mota ya gani ya amince, ya fi sauƙi a kan sake buga gefen bas gaba ɗaya.

Saura ingancin ledar. Mai araha an yi ta ne don allo mai shafe. Idan aka ja ta a kan lanƙwasar bamba, zafi kan sa ta tsuke ta ɗago daga gefe. Mai tsada, irin ta 3M da Avery Dennison, tana bin lanƙwasa idan aka gasa ta da na'urar hura zafi. Ana kuma barin tawada ta sha iska kamar kwana guda kafin a rufe ta da leda mai kare ta. A ranar Arewa, bonet da rufi su ke fara koɗewa, kuma ja ne launin da ke saurin tafiya.